Kyaftin Ɗin Da Ya Mutu Sau Biyu A Faskari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya riƙe da makirfo a gaban dattawan Faskari ina ƙoƙarin gamsar da su cewa mamaci yana iya dawowa ya ci gaba da harkokinsa ba. Lafiyata ƙalau a lokacin, babu abin da ya taɓa mini kai. Tafinta kawai aka naɗa ni a bikin ɗan'uwana, in fassara wa jama'a wani fim na 'yan sama jannati, ni kuma bakina ya ƙi furta "ban sani ba".

A shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya fara yawo, kowa ka taɓa sai ya ce maka kwangila yake yi. Yaya Lawal, ɗan wan mahaifina, ya samu ta gina azuzuwan firamare tsakanin Faskari da Sabuwa, ya yi ƙiba, ya sayi mota. Da aurensa ya tashi sai ya ce shi bikinsa ba zai tsaya a kalangu ba, majigi zai ɗauko daga Funtuwa a nuna wa mutane fim kyauta. Kowa ya ce a kawo na Indiya. Ni kaɗai na ce a'a. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai (wato lokacin da mutum ya fi kowa sani a duniya), na ce lokaci ya yi da mutanenmu za su ga abin ilimi. Na kawo sunan wani fim da na taɓa gani a Kaduna, na yi ta zuba har Yaya Lawal ya gaji ya ce, "To, a kawo naka. Amma kai za ka fassara."

Gaskiya fim ɗin yana da abin so. Farkonsa duhu ne da taurari, sai wani ƙaton kumbo ya taho a hankali ta saman allo, kamar zai tuɓe maka hula. Kiɗan kuma har cikin ƙirji ake jin sa. Ga kyaftin ɗinsu, wani dattijo mai furfura da ɗingishi, wanda ba ya ɗaga murya amma kowa na shakkarsa. Can gaba, da wuta ta kama ɗakin inji, shi ya shiga ya kulle ƙofa ta ciki don sauran su tsira, ya ɗora tafin hannunsa a gilashi yana kallon wani matashin matuƙi da ya raina kamar ɗansa. A Kaduna sai da na faki idon mutane na share hawaye.

Inda ya gaza kuwa, ya gaza sosai. Kowa a cikinsa sanye yake da kaya iri ɗaya masu ƙyalli, kamar an jera gwangwanayen madara. Lungu ɗaya ne a kumbon, a nan ake gudu, a nan ake faɗa, a nan ake shawara. Tsakiyar fim ɗin kuwa surutu ne zalla, mutum biyu su tsaya su yi ta magana kamar masu rabon gado. A nan ne barci ya kwashe ni a Kaduna, ban farka ba sai da aka fara fashe-fashe. Wannan ɓangaren labarin ban taɓa gaya wa kowa ba.

Akwai mutum ɗaya da na fi so ya gani, Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a Ruwan Godiya bayan rasuwar mahaifina. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar auduga da gyaɗa, har yanar ido ta fara rufe masa gani ya ajiye tuƙi. Duk hutun da na zo sai ya sa na sake ba shi labarin kumbon. Yakan tambaye ni, "Wanga kumbo, mi yake sha, fetur ko gas?" Labarin kyaftin ya fi kama shi. Ya ce shi ma birki ya taɓa tsinke masa a gangare da mutane a bayan mota, yaron motarsa ya yi tsalle, shi ya zauna. Ranar bikin tun da hantsi ya iso a motar 'yan kasuwa, da babbar rigarsa ta Sallah.

Bayan azahar aka taru a wani sito na auduga da babu kaya a ciki. Aka toshe kafofin haske da buhuna, aka rataya farin ƙyalle, aka tada injin wuta a waje. Zafi kamar gidan burodi, amma ko ina ya cika: dangin amarya daga Ƙanƙara, abokan ango, liman Malam Shehu da dattawa a kan kujeru, yara a ƙasa. Kawu kuwa, na sa masa kujera gaba-gaba saboda idonsa.

Mai majigin, wani Malam Audu, ya yafito ni. Ya buɗe akwati, ga gwangwanaye huɗu na faifan fim. Na farko da na ƙarshe akwai lamba a jiki, biyun tsakiya kuwa damshi ya cinye takardun.

"Ni na Indiya da na kaboyi na saba nunawa," in ji shi. "Wannan yau na fara ɗauko shi. Kai da ka san shi, wanne ke gaba?"

Ya warware bakin kowanne ya ɗaga a hasken ƙofa. Na duba na dama: mutane masu kayan ƙyalli a lungu. Na duba na hagu: mutane masu kayan ƙyalli a lungu. Na ɗan ɓata fuska irin ta masana, na gyaɗa kai, na nuna na dama.

"Ka tabbata?"

"Malam Audu, fim ɗin nan a kaina yake."

Faifan farko ya tafi yadda nake mafarki. Da kumbon ya taho yara suka sunkuya, wani dattijo ya dafe rawaninsa. Sito ya yi tsit, sai muryata a lasifika ina fassara, inda Turancin ya yi mini sauri in cike da nawa. Na hangi Kawu ya miƙo wuya, baki a ɗan buɗe. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na lokacin ba.

Aka sa faifai na biyu. Sai ga kumbo ya riga ya lotse, wani da muka bari lafiya lau yanzu kansa a naɗe da bandeji. Wani daga cikin baƙin Ƙanƙara ya ce, "Wa ya fasa wa wancan kai?" Na ce ai haka Turawa ke shirya fim, ba komai suke nunawa ba, mai hankali shi ke cikewa. A raina har daɗi na ji, na ce ashe surutun tsakiyar bai kai tsawon da nake zato ba.

Aka kashe wani dodo da ya addabi mutanen kumbon, wuta ta kama, kyaftin ya kulle ƙofa ya ɗora hannu a gilashi. A nan fim ɗin ya nuna ƙarfinsa, don ko fassara ban yi ba. Babu wanda ya yi tari. Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, na ji ya yi salati a hankali. Da a nan wutar inji ta ɗauke, da yau labarin da nake ba ku daban ne.

Aka sa faifai na uku. Ga lungu, ga ƙofa ta buɗe, ga kyaftin ya ɗingiso da kofi a hannu, ya zauna yana kurɓa yana dariya.

Wani yaro ya ce, "Ga shi can."

Malam Shehu ya gyara zama. "Ɗana, ba wanga ne muka ga wuta ta ci yanzu ba?"

Nan take na gane abin da ya faru. Wannan shi ne wurin da na yi barci a Kaduna, shi ya kamata ya zo kafin wancan. Na waiga, Malam Audu yana kallona daga baya, hannunsa a kan makunni, jira kawai yake in ɗaga masa hannu. Abin da ya rage in ce a yi haƙuri, faifai ya harɗe. Amma ga surukan Yaya Lawal, ga abokan karatuna biyu a jikin bango, ga Kawu da ya gama shaida wa na kusa da shi cewa yaronsa ya fi Bature jin Turanci. Na share zufa na kai makirfo baki.

"Wannan ɗan'uwansa ne. Tagwaye ne."

Aka ɗan yi guna-guni, aka lafa. Na fara murna na tsira. Sai kyaftin ya miƙe ya taka, ga ɗingishin nan a ƙafa ɗaya, matashin matuƙin kuma ya kira shi da sunan da kowa ya riga ya haddace.

"Tagwaye har ɗingishi?" in ji mutumin Ƙanƙara. "Har suna?"

A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka sai na jawo kimiyya (wadda ko a jarrabawa da ƙyar nake haye ta). Na ce a can sama lokaci ba kamar namu ba ne, idan kumbo ya yi gudu sosai yakan koma baya, wanda ya mutu jiya sai a same shi shekaranjiya da ransa. Na ce mun karanta a kwaleji.

Malam Shehu ya dube ni ya daɗe. "Wanda ya koya maku wannan, har yanzu yana koyarwa?" Ya tattara rigarsa ya fita, dattawa da dama suka bi shi. Duk wanda ya fita sai haske ya shigo ta ƙofa ya wanke allon, ya kuma haska fuskata don kowa ya gani da kyau.

Daga nan komai ya lalace. Dodon da aka kashe ɗazu ya sake leƙowa, kuma yanzu da tsoro ya bar mutane sai suka lura mutum ne a cikin rigar roba, har zif ɗin bayansa ana gani. Wani ya hango zaren da aka rataye ƙaramin kumbo da shi. Duk aibin da kiɗa da tausayi suka rufe a baya, yanzu ya fito fili, yara na nunawa da yatsa.

Faifai na huɗu ya buɗe da makoki. Mutanen kumbon sun jeru sun sa hular kyaftin a akwati za su sake ta cikin taurari, matashin nan yana kuka. Wurin nan ya fi ko ina taɓa zuciya a fim ɗin. Wani daga baya ya ce, "Af, ya sake mutuwa." Wani ya amsa, "Ku bar kuka, yanzu zai shigo da kofinsa." Sito ya ɗauki dariya, har da masu buga ƙafa a ƙasa. Na buɗe baki in fassara addu'ar bankwanan, sai lasifika ta yi wata doguwar ƙara. Na ajiye makirfo a kan buhu na tsaya kamar an dasa ni har aka gama.

A waje Yaya Lawal bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Cewa ya yi, "Da na Indiya muka sa, ko ta ƙarshe aka faro, rawa ce dai." Na roƙi Malam Audu a sake nunawa daidai, ya ce ana jiran injin a Funtuwa, kuma ko ya yarda wa zai sake shiga wannan zafin?

Kawu kuwa, na same shi a gindin wata bedi yana jiran mota. Na tsuguna, na kasa haɗa ido da shi.

"Faɗa mani gaskiya," in ji shi. "Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya mutu, Kawu. Ni na sa faifan baya a gaba."

"Sau guda?"

"Sau guda."

Ya gyaɗa kai, kamar an sauke masa kaya. "To madalla. Na so in gan shi yadda ka faɗa mani." Ya dafa kafaɗata. "Da ka ji ƙara a mota, tsayawa ake a duba. Fasinja ba su zagin wanda ya tsaya."

Na yi masa alkawarin zan kai shi Kaduna mu gani tun daga farko har ƙarshe. Kafin in fara ɗaukar albashi an daina nuna fim ɗin, kafin kaset ya zo gari kuma idon Kawu ya rufe gaba ɗaya. Shekaru bayan rasuwarsa na samu kaset ɗin na kalla ni kaɗai, ban yi barci ba. Zaren yana nan, zif ɗin yana nan, surutun tsakiyar har yanzu ya yi yawa. Amma a cikin surutun nan ne ashe kyaftin yake gaya wa yaron yadda ya samu ɗingishinsa, da dalilin da ya sa ba ya barin kowa a baya. Wurin da Kawu zai fi so ke nan, kuma lokacin da aka nuna shi ina can ina wa'azin tagwaye, ko kalma ɗaya ban fassara masa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunyar cewa "ban sani ba" ba ta wuce a yi maka dariya a tashi. Tawa kuwa har ta yi jikoki. Yau idan na shiga Faskari, yaran da ko iyayensu ba a haifa ba ranar nan sukan gaishe ni da "Baba Tagwaye", da ladabi, suna tsammanin tagwaye na haifa. Ni kuma sai in amsa, don bayani na riga na ga inda yake kai mutum.