Ranar da Na Tashi Korar Jiragen Sama

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na raka jikata Hadiza makarantarsu a Malumfashi ba. Yarinyar nan ta ƙwallafa rai a kan aikin masu zama a hasumiyar filin jirgi, masu cewa wannan ya sauka, wancan ya dakata. Sai makaranta ta gayyato wani mai wannan aiki, Malam Bashir, ya yi wa ɗalibai nasiha, kuma aka ce zai zaɓi uku ya kai su su ga hasumiyar da idonsu. Uwarta na jego, ubanta ya kai auduga Funtuwa, sai ni na yafa mayafi na bi ta.

Ni kuwa da ma na gama fahimtar aikin a raina. Mutum ya hau sama, ya zuba ido ga abin da ke shawagi, ya hana shi sauka; ai wannan tsaron gona ne. Damina nawa na yi bisa rumfa a gonarmu ta Gozaki ina korar tsuntsayen jan-baki daga kan dawa?

Malam Bashir ya ce su riƙe lissafi da Turanci da hannu biyu, su kula da lafiyar ido da kunne, su koyi sauraro kafin su buɗe baki. (Wannan na ƙarshen, kaicona, shi ne bai shiga kunnena ba.) Da ya ce murya ce jarin mai wannan aiki, sai na miƙe. Na shaida wa taro cewa in dai murya ce, Hadiza gado ta yi, kada a ba wani gurbinta. Don kada a ce tsohuwa ta cika baki, na jingine sandata, na cika ƙirji, na kwarara ihun da nake yi wa tsuntsaye, har da tafi da kaɗa mayafi.

Tantabarun da ke kan rufi suka watse. Ɗaki ya ɓarke da dariya, har da malamai. Hadiza ta dulmiya fuska cikin hijabi. Na ce a raina, shi ke nan, na kashe wa yarinya hanya da bakina.

Malam Bashir ya share hawayen dariya ya ce, "Iya, mu ba korarsu muke yi ba, lallaɓo su muke su sauka lafiya. In matuƙi ya ji wannan, ai sai ya juya da alhazai ya koma Jidda."

Ana tsaka da dariyar ya kira Hadiza, ya tambaye ta: jirage uku na neman sauka, ɗaya mansa ya kusa ƙarewa, yaya za ta yi? Ta ɗago kai, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, mai ƙarancin man a gaba, murya a kwance kamar tana tsince shinkafa. Ya ce wadda hankalinta bai tashi ba cikin wannan hayaniya, ita yake nema. Sunanta ya fara rubutawa.

A hanyar gida ta dafa kafaɗata ta ce, "Tsohuwa, ranar da na kama aiki, don Allah ki yi zamanki a gida, addu'a ta isa."

Na amsa mata da to. Tun daga ranar, kafin in taya mutum aikinsa, sai na tambaya tukuna: kora ake yi ko kira?