Na Ɗayan Baba Isufu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na tsaya a gaban 'yan biki a unguwar Kalley ba, gitar mamaci rataye a wuyana, matarsa tana tambayata a bainar jama'a ina na kai kayan mijinta. Shekaru sun shuɗe, amma duk ranar da na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Mamacin shi ne Baba Isufu, tela ne mutumin Damagaram, mai shago a wani lungu na Kalley. A ƙuruciyarsa ya yi kiɗa a wuraren biki, da ya yi iyali sai ya daina fita, ya rungumi keken ɗinki. Lokacin da nake ɗalibin jami'a a Lamorde, a ƙetaren kogi, duk Asabar nakan haye gada in je ya koya mini gita. Da gitar katako yake koya mini, wadda ba ta aiki da wuta. Ta wutar kuwa, wata fara da tsufa ya mayar ruwan madara, tana cikin akwatinta a saman kabad, ba mai kaɗa ta. Sai ranar Sallah yake sauko da ita, ya kaɗa wani kiɗa guda da ya ƙirƙira ranar sunan 'yarsa Zali, ya mayar. Sau uku na taɓa ji. Muryar tana da kauri da sanyi, kamar dattijo yana magana ƙasa-ƙasa a zaure.

Ga wanda bai san gitar wuta ba, bari in yi ɗan bayani, don a nan kunyata take. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wasu sanduna uku masu ɗaukar sauti, mu a nan mikro muke ce musu: ɗaya kusa da wuyan gita, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙasa inda tsirkiyoyin suka ƙare. A gefe kuma akwai wani ɗan ƙarfe da ake turawa da yatsa, yana da mazauni biyar. Baba Isufu harshe yake kiransa. In ka tura harshen wajen wuya, murya ta fito da kauri da taushi. In ka saukar da shi taki ɗaya, ta ɗan washe. A tsakiya ba ta ga maciji da kowa, ba kauri ba kaifi. Taki na gaba sai ka ji kamar gitar tana magana ta hanci. In kuwa ka kai shi ƙarshe can ƙasa, sai ta zama siririya mai kaifi, irin wadda ke ratsa ganguna da hayaniya ta isa kunnen na bayan taro.

Shekara biyu bayan rasuwarsa Zali ta kira ni. Aurenta ya zo, kuma abu ɗaya take roƙo.

"Yaya, ba na son kado, ba na son wata kyauta daga wajenka," ta ce. "Kiɗana kawai nake so, da gitar Baba. Ina so in ji kamar yana wurin, ko na minti biyar ne."

Mahaifiyarta, Inna Rabi, wadda idanunta suka yi rauni sosai, ita ta miƙo mini akwatin da hannunta. Ba ta ce komai ba sai, "Amana ce, ɗana." Tun da ya rasu akwatin bai fita daga ɗakin ba.

Na kai shi gida na buɗe. A ciki na tarar da wata 'yar takarda, irin wadda yake rubuta awon mutane a kai, da rubutunsa mai karkata: "Kiɗan Zali, na ɗaya." Na ji daɗi har raina. Na canza tsirkiyoyin da suka yi tsatsa, na goge jikinta, na yi ta kai harshen sama da ƙasa don ya saki (ko sau ɗaya ban duba inda na same shi ba, kuma wannan shi ne wautar farko). To a lokacin ina ji da kaina. Na kalli darussa da yawa a waya, na karanta takardun Faransanci, kuma duk sun haɗu a kan abu ɗaya: ana fara ƙirga mazaunan harshe daga ƙasa, na ɗaya shi ne mai kaifin nan. Sai na danna shi can ƙasa, na ce magana ta ƙare.

Da muka zauna gwaji, kunnena ya gaya mini gaskiya tun a bugun farko. Ba muryar da na sani ba ce. Seyni, Bazabarmen da ke buga ganga a ƙungiyar kiɗanmu, ya ajiye sandunansa ya dube ni.

"Maigida, wannan kiɗan yana cizo hwa. Haka tsohon yake yin shi?"

Da na yi shiru na saurara, da na tsira. Amma sai na zaro takardar na kaɗa masa a fuska, na yi masa lacca rabi da Hausa rabi da Faransanci a kan mazaunan harshe, pozisiyo ta ɗaya da ta biyar. Na ce sababbin tsirkiyoyi ne, za su lafa. Na ce ampili ne, na'urar ƙara sauti, ba irin na da ba. Na ɗora wa kowa laifi ban da kaina. Seyni ya ce, "To, kai ka yi lekol, kai ne ɗan boko," ya ɗauki sandunansa. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar biki aka kafa rumfa a ƙofar gidan, aka tare lungun da kujeru. Bayan sallar la'asar mai gabatarwa ya roƙi jama'a su yi shiru, ya ce yanzu za a ji kiɗan da marigayi ya yi wa amarya, da gitarsa ta kansa. Wurin ya yi tsit. Tsofaffin abokansa teloli suna sahun gaba, Inna Rabi tana kusa da Zali, ta karkato kunne. Na yi bisimilla na buga.

Abin da ya fito daga lasifika ba dattijo ba ne a zaure. Kamar ana kankare tukunya da cokali ne. Yatsuna ba su yi kuskure ko ɗaya ba, kowane sauti yana wurinsa, amma kiɗan ya zama na wani baƙo. Na ga wani tsoho ya runtse ido ɗaya. Na ga Zali, wadda ta riga ta riƙe gefen mayafinta tana shirin kuka, ta sake shi a hankali tana dubana, kamar wadda ta je tarbar ɗan'uwa a tasha wani daban ya sauko. Wannan kallon ya fi komai yi mini ciwo. Duk da haka na ci gaba, don mai girman kai ba ya sanin inda ake tsayawa.

Inna Rabi ce ta tsayar da ni. Ta miƙe, ta ɗaga hannu.

"Dakata, ɗana. Ina gitar Malam?"

"Ga ta, Inna, ita ce a hannuna."

"A'a. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Wannan ba ita ba ce. Ina ka kai ta?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi nauyi. Mai gabatarwa yana kusa da ita, don haka lasifika ya ɗauki kowace kalma. Na ji guna-guni ya taso daga baya. Mutanen da suka san ni tun ina ɗalibi suna tunanin na musanya kayan mamaci. Abin da ya zo mini kawai shi ne in zaro takardar daga aljihu in ce, "Inna, shi ya rubuta, na ɗaya. A na ɗaya na sa."

Ta ce a kawo ta wurina. Zali ta riƙo hannunta har gabana. Ta shafa wuyan gitar, ta shafa jikinta, ta tsaya a kan wani tsohon tabo, sai na ga fuskarta ta sassauta. Yatsanta ya ci gaba har ya sami harshen. Ta tura shi sama, taki huɗu, ƙas ƙas ƙas ƙas, har ya kalli wuya.

"Shekara talatin ina share mata ƙura," ta ce. "Ban taɓa samun wannan abin yana kallon ƙasa ba. Malam tela ne, ɗana. Ka taɓa ganin tela ya fara awo daga ƙafa? Daga wuya yake farawa."

Wasu suka yi 'yar dariya, amma ba ta daɗe ba. Na sake bugawa, kaina a sunkuye. Da sautin farko ya fito, mai kauri, mai sanyi, sai wani daga cikin tsofaffin telolin ya ce, "Allahu akbar, Isufu." Zali ta rufe fuskarta da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Inna Rabi ba ta koma kujerarta ba, ta tsaya nan gefena hannunta a kan kafaɗata har na gama. Ni ma na yi kuka, kuma har yau ban san nawa ne na kewarsa, nawa ne na kunya ba.

Washegari na mayar da akwatin. Kafin in rufe na duba harshen sau uku. Seyni bai taɓa yi mini gori ba, sai dai duk lokacin da muka hau kiɗa yakan leƙo ya tambaye ni, cikin ladabi, "Maigida, yau daga ina muke ƙirgawa?"

Ina amsa masa, don tambayar tana kan hanya. Na koyi cewa in mutum ya bar maka lamba, ka fara sanin daga ina yake fara lissafinsa. Ni da na yi shekaru a jami'a, ƙirga ɗaya zuwa biyar ce ta kayar da ni, kuma wadda ta gyara mini ko gitar ba ta gani.