Bishiyar da Take Shan Ruwa Sau Biyar a Rana

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safiyar wata Talata ba, lokacin da na tsaya gaban malamai uku na ce na gano abin da zai tsayar da hamada.

Aikin kammala karatuna ke nan a Dubai, wanda in na faɗi shi tallafin karatuna ya tafi. An ba kowannenmu ɗan dashen gaf (kamar ƙiryarmu take) a wani fili bayan rumbunan kaya na Al Quoz. Na binne na'urar auna laima a gindin tawa bishiyar, na hana ta ruwa da gangan, ina karɓar sakamako ta waya. Mako shida ba ta mutu ba. Ƙasar gindinta ma jiƙewa take yi sau biyar kullum. Ni kuwa da ban iya tambayar mutum ko hanya ba, sai na tambayi littattafai, na rubuta shafi arba'in cewa bishiyata tana tatsar ruwa daga iska.

Babban malaminmu, wani Bamisire, ya daɗe yana kallon jadawalin sakamakona. Ya ce, "To me ya sa ba ta tatsa ranar Juma'a da azahar?"

Na ce wataƙila iska ce take canzawa. (Eh, da bakina na faɗa.)

Daga bayan ɗakin sai na ji muryar Hadiza, 'yar ajinmu mutuniyar Zinder: "Wallahi habibti, bishiyarki ta fi ni kiyaye lokacin salla."

Malamin ya cire tabarau yana share hawayen dariya. Ya ba ni wata guda in sake aikin, ya ce khalas, wato shi ke nan. Ranar na koyi cewa na'ura tana gaya maka ƙasa ta jiƙe, amma ba ta gaya maka wa ya zo da buta.

Da la'asar na isa filin. Ga Baba Sale mai gadi, mutumin Gumel, tsugune a gindin bishiyata yana wanke ƙafar hagu.

Na gaishe shi, na daɗe ina murza bakin mayafi, sannan na ce, "Baba, duk dashen nan talatin, me ya sa sai tawa?"

Ya juye mata sauran ruwan butar. "Ita ce ta fi ban tausayi, 'yata. Kullum ina ganinki, ki zo ki nuna mata waya ki tafi. Na ɗauka mantuwa ce take damunki, na ce bari in rufa miki asiri."