Gyaran da Ya Fitar da Ni Daga Mansur

Ba zan taɓa mantawa da ranar fitar takabata ba, ko da kuwa ina so, domin har yau in matan unguwarmu ta Mansur, a nan Makka, suka haɗu a gidan suna ko gidan rasuwa sai wata ta tayar da zancen. Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Wata baiwar Allah ce ke rubuta mini, na kuma ce mata ta sa komai yadda ya fito daga bakina. Gara a ji daga gare ni, tunda kowa ya riga ya ba da labarin ya ƙara masa gishiri.

Malam, Allah ya ji ƙansa (ba zan faɗi sunansa ba, ban faɗa yana raye ba), direba ne. Lokacin aikin hajji yana jan bas, ya kwashi alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa, ya dawo mini idanunsa jajur. In aikin hajji ya wuce kuma babu abin da hannunsa ba ya taɓawa: famfo, murhu, fanka, ƙofar maƙwabta. Shi ya sayo nashafa, injin busar da tufafi, a kasuwar tsofaffin kaya. Ranar da aka sauke ta unguwa ta yi ta dariya. Wai a Makka, garin da rana ke busar da zane kafin ka gama shanya shi, wa ke sayen injin shanya? To amma ɗakinmu a ƙasa yake, cikin lungun da rana ba ta leƙowa, igiyar shanya kuwa tana can saman soro, gwiwoyina kuma sun ƙi. Malam ya ce, "Ke da hawa bene kun yi sallama. Bar su su yi dariya."

Kullum in an gama wanki sai in ga ya tsuguna a gabanta, ya zaro wani abu daga bakin ƙofarta, ya shafa, ya mayar. Ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka lallaɓa ta yake yi, yadda yake lallaɓa motarsa. Shekarun nan duka ina tsaye a kansa da kwandon kaya, ban taɓa sunkuyawa na ga abin da yake cirewa ba.

Da ya rasu, ɗanmu Majid bai bari an kwashe tabarmin zaman makoki ba ya fara. A unguwar Utaibiyya yake zaune da matarsa Hanan da 'ya'yansu, kuma a nan Makka aka haife shi, Hausarsa duk ta karkace.

"Ummi, khalas, shi ke nan. Ki haɗa kaya ki dawo wurinmu. Mace ɗaya a gida, babu rijjal, babu namiji, ba zai yiwu ba."

Na ce, "Takaba nake. A ɗakin mijina zan yi ta, haka addini ya ce."

Dole ya ɗaga mini ƙafa. Wallahi ban taɓa jin wata mace ta yi fatan takaba ta ƙara tsawo ba sai ni. Ita ce katangata. Muddin ina cikinta babu mai ɗaga ni daga ɗakin da ƙusar da Malam ke rataye rigarsa take, ɗakin da in na buɗe taga Goggo Rabi mai waina za ta ce, "Ummu Majid, kin tashi lafiya?" da Hausar da ba sai na roƙa a maimaita mini ba. Muka yi magana da Majid: in na fita takaba ya zo ya ga ina riƙe da gidan lafiya, zai bar ni. In ya ga akasin haka, in bi shi ba musu.

Daga ranar yaron nan ya zama mai bincike. Ya zo ya tarar ƙwan fitila ya mutu, sai ya dube ni. Ya tarar tukunyar gas ta ƙare ban iya ɗaga sabuwa ba, sai ya dube ni. Ba ya faɗa, kallo kawai. Sai na koyi ɓoye masa komai.

A haka nashafar ta fara lalaci. Ta yi ta juyi, ta yi ta gurnani, in buɗe in tarar da kaya da danshi kamar an fito da su daga bakin saniya. Ban gaya masa ba. Mai gyara kuwa namiji ne bare, ina takaba, ni kaɗai a ɗaki, ba zan kira shi ba. Sai na riƙa baza kayan a bayan kujeru da kan ƙofa, in na ji tsayuwar motar Majid in tattare su da gudu in cusa ƙarƙashin gado. (Tsohuwa da ni, ina ɓoye jiƙaƙƙen zane kamar yarinyar da ta yi fitsarin kwance.)

Ana jibi zan fita takaba ina shara, injin na aiki, na tura tsintsiya bayansa, sai na ji iska mai zafi tana dukan ƙwaurina. Na leƙa. Ashe akwai rami a bayan nashafar, da wani tiyo mai faɗi da ya tafi har ƙaramar taga, zafi na bi ta ciki yana fita titi. Na riƙe baki. Na ce yau ga ɓarna! Ina kaya za su bushe, zafin duka yana zurarewa lungu yana ɗumama kuliyoyi?

Ku yi mini adalci a nan. Ni dai tun ina yarinya nake turara dambu. Duk macen da ta san murhu ta san in ka ɗora madambaci a kan tukunya, tururi na fita ta gefe, dambunka ba zai taɓa nuna ba. Sai ka samo tsumma ka naɗe wurin, ka kwaɓa garin kuka ka liƙe, tururi ya rasa hanya ya koma inda ake buƙatarsa. Abin da idona ya gani ke nan a bayan nashafa: madambaci mai yoyo. Har na ji haushin Malam a kabarinsa, Allah ya yafe mini, na ce duk iyawarsa bai lura da wannan ba.

Na ja injin da ƙyar. Na tuge tiyon na jefar. Na nemi tsumma mai kauri ban samu ba, sai hannuna ya faɗa kan wani tsohon fatarina, ɗan zanen ciki mai jan fure da na daina ɗaurawa. Na dunƙule shi na cusa a ramin, na danna da muciya. Na kwaɓa garin kuka mai kyau, wanda aka kawo mini tsaraba daga gida nake ta tattali, na shafe bakin ramin sumul. Na kunna na ɗan lokaci, na ɗora tafin hannu a ƙofar. Zafi kamar tanda! Na kashe, na zauna a ƙasa na yi ta hawaye, na ce, "Malam, ka gani? Ban lalace ba."

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma wanda ya yi gyara yana son shaida.

Ranar fitar takaba na yi wanka na sa sababbin kaya. Mata suka cika ɗaki da tsakar gida, ana shan gahawa ana cin dabino, an kawo waina daga wurin Goggo Rabi. Majid da Hanan suka iso. Tun da safe na wanke fararen rigunan Malam duka, don a ranar za a raba su ga abokansa na masallaci, ɗaya kuma Majid ya ce a bar masa. Ina iya wanke su tun tuni. Da gangan na bari sai ranar, don ɗana ya ga injin ubansa na aiki a hannuna.

Na zuba su ciki a gabansa, na murɗa, na dawo cikin mata na zauna ina gyara mayafi.

Majid ya ce, "Ummi, nashafa lafiyarta lau?"

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ta ɗan yi ciwo, na gyara ta."

"Ke? Wa kika kira?"

"Wa zan kira? Hannun nan."

Goggo Rabi ta tafa. "Kun ji ko? Ummu Majid ta gaji Malam! Gobe zan kawo miki fankata." Aka yi dariya, wata ta ce a buɗe mini shago a bakin titi. Na ga Hanan ta kalli mijinta, shi kuma ya ɗan yi murmushi, murmushin farko da na gani a fuskarsa tun rasuwar. A raina na ce na ci.

Ba a daɗe ba wata ta ɗaga hanci. "Wai wa ya ɗora miyar kuka ne?"

"Kuma ta kama," in ji Goggo Rabi. "Ummu Majid, tuwo kika ɓoye mana?"

Na ce ƙila maƙwabta ne. Sai ƙauri ya sauya, ya tashi daga na miya ya koma na auduga. Sai hayaƙi ya fara shigowa ta saman ƙofa, siriri, a hankali, kamar mai sallama.

Hanan ce ta fara ihu da Larabci, wuta, wuta, a kira 'yan kwana-kwana! Wanda bai zauna a Mansur ba ba zai gane abin da wannan kalma ta yi ba. Rabin matan da ke ɗakin ba su da iƙama, takardar zama. In motar hukuma ta shigo lungu, ba a san tambayar da za ta biyo baya ba. Kafin in miƙe ɗakin ya watse. Tsofaffin da ke shigowa da sanda suka fita babu sanda. Goggo Rabi, aminiyata, mai cewa ni da ita sai mutuwa, ta tsallake farantin wainarta ta bar takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Ban ga laifinta ba. Ni na jawo musu.

Ba a kai ga kiran kowa ba. Malam Ilu mai gadin gidan, mutumin Damagaram, abokin Malam, ya kashe wutar ginin gaba ɗaya ya shigo da gudu. Na'urorin sanyaya ɗaki suka tsaya tun daga ƙasa har sama, da tsakar rana, a zafin Makka. Maza suka sauko daga benaye suna tambaya, suka cika ƙofata, ni da ko gaisawa da namiji ban yi ba tsawon watanni.

Majid da Malam Ilu suka jawo injin tsakar gida. Malam Ilu ya zagaya baya, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa abin da na liƙe. Ya gasu ya yi tauri kamar kasko. Ya ɓalli ɗan guntu ya sansana.

"Wannan ai kuka ce," ya ce a hankali. Ya sake sansanawa. "Mai kyau ma."

Ya sa ƙarfe ya fasa, ya zura hannu, ya fara jawo tsumman. Na ce a raina, ya Allah ka sa ya ƙone ƙurmus. Bai ƙone ba. Gefe ɗaya kawai ya babbake. Bawan Allah bai san ko mene ne ba, ya kama shi da hannu biyu ya warware, ya ɗaga sama yana kaɗe toka. Fatarina, da jan furensa, a gaban mazan gidan duka. Da ya gane sai ya sake shi kamar ya riƙe garwashi, ya ce, "A'uzubillahi," ya juya fuska bango. Wani a baya ya yi tari don ya danne dariya. (Ke ma ki daina, ki rubuta.)

Majid ya zaro abin nan na bakin ƙofa da ubansa ke shafawa. Raga ce, ta cika da ƙurar tufafi, ta yi kauri kamar bargo. Ciwon injin ke nan tun farko, abin da yatsa biyu za su cire. Ramin bayan kuwa hanyar numfashinta ne.

Sai ya buɗe ƙofar ya fito da rigunan. Sun yi ruwan ƙasa, wasu sun huje, duk suna warin miyar da ta kama. Ya ɗauki wadda ya ce a bar masa, ya riƙe ta, ya daɗe yana kallon wuyanta. Na so ya yi mini faɗa. Na so ya yi ta zuba Larabci yadda ya saba in ransa ya ɓaci, in samu abin mayar masa. Sai ya ce da Hausa tsantsa, babu ko karkacewa, "Ummi, ya isa."

Ban yi musu ba. Mun yi alkawari.

Yanzu ina Utaibiyya, a ɗaki mai tsabta, kusa da na jikokina da ke ce mini sitti, wato kaka, suna yi mini magana ina gyaɗa kai. Hanan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, Allah ya saka mata. Sai dai in na doshi kicin ta riga ni, in na miƙa hannu zan kunna fitila wani ya taso ya kunna mini. Ɗakinmu na Mansur an ba wasu haya. Ban samu ko rigar Malam ɗaya da za a iya ba mutum ba, abokansa suka tafi hannu wofi.

Abin da na koya, kuma a makare na koye shi: ba a ɗauke tsohuwa daga ɗakinta don ta kasa wani abu. Kasawa kowa ya san da ita, ana ma tausaya mata. Ranar da ta ce ta iya, ta tara jama'a su gani, ranar ake naɗe mata tabarma. Saboda haka 'yan'uwana tsofaffi, in abu ya lalace muku a ɗaki, ku zauna kusa da shi ku yi shiru, ku lalace tare.