Yadda Za Ka Nuna Wa Surukarka Aikin Da Ba A Gani

In faɗi gaskiya, ni ko surukata ta ce kaza na da haƙori, "haka ne, Mama" nake cewa. Amma fagen kula da dandamalin wasan kwaikwayo, a nan na yi furfura. Matsalar aikinmu ɗaya ce: in ka iya shi, ba mai ganinka. Shi ya sa Mama ta ce da 'yarta, "Mijin nan naki ko dai in ga aikinsa da idona, ko ya koma shagon tayar kawunki." Idan kai ma an ja maka wannan layin, bi matakan nan. Sakamako tabbas ne.

1. Zaunar da ita a gaba
Kujerar tsakiya, layin farko. Ka sa baƙaƙen kayan aikinka ka je gaisuwa. Za ta ce, "Wa ya rasu?" Ka ce aiki ne.

2. Yi aikin sosai
Duba labule. Ajiye buta, takobin kwali da gemun sarki kowanne a mazauninsa. Fito da jarumi daga banɗaki. Lallashi jaruma, wai an taɓa mata hoda. Raɗa wa mai fitila "kunna", raɗa wa mai sauti "saki". Duk wannan Mama ba za ta gani ba, ladanka na sama.

3. Leƙa
Ta gefen labule za ka hango ta tana tambayar 'yarta, "To ina shi? Ko shi ne a cikin kayan dokin can?" Daure.

4. Jira duhu
Tsakanin fitowa da fitowa ana kashe fitilu a sauya kaya. Ture masu ɗaukar kaya gefe, sungumi karagar sarki da kanka. Da ka kai tsakiyar dandamali, ka raɗa a na'urar kunnenka, "Kunna."
Mai fitila zai ce, "Oga, kana ciki fa."
Ka ce, "Wa ke ba da umarni a nan?"
Zai kunna. Ai kai ka koya masa biyayya.

5. Haskaka
Ga ka nan, karaga a ka, gumi har gwiwa, sarki a bayanka yana manna gemu. Jama'a za su kwashe da dariya. Darakta zai ciji hularsa. Mama za ta miƙe tsaye ta ce, "Ga shi can! Ashe dako yake yi! Wallahi yana da ƙarfi, taya ba za ta gagare shi ba."

Gargaɗi: abin da ya biyo baya tsakaninka da darakta, ko kai da Mama, ba da yawuna ba, ni ban san ka ba. Mai neman ƙarin bayani ya same ni a shagon taya. Ban da Lahadi.