Bulo Mai Inci Nawa?

"...lafiya lau, Kaka, lafiya lau! Don Allah ja min ƙofar nan."

"Wa ya tambaye ki lafiya? Sallama na yi, kuma na janye abata."

Injiniya ba ta ɗago ba. Tun safe take gaban kwamfuta a ɗakin da ta mayar ofis, shayinta ya huce, fanka na ta ɗaga mata takardu. Aikinta shi ne gwada faifan ajiya kafin kamfaninsu ya miƙa wa masu shi. Yau gwaji arba'in ta yi wa faifan da abokin aikinta Dogo ya shirya, sha tara sun faɗi, jajir a allo. Har ta rubuta wa oga saƙo mai zafi cewa Dogo ya lalata aiki. Oga kuwa ya sha faɗa, kuskure ɗaya ya rage a sallami Dogo. Saura kawai ta danna, saƙo ya tafi.

Kakanta, tsohon magini, ya ƙaraso yana huci, ya dire bulo guda a kan teburin, tim! Kofin shayi ya yi tsalle.

"Mene ne wannan?"

"Ƙaninka ne? Kun yi kama, har giɓin."

"Mara kunya! Na ce ki kira mai bulo ya kawo min ɗari biyu na katanga, an jibge min mai inci shida a ƙofar gida. Inci shida! Akurkin kaji zan gina?"

"Iya tsayinka dai, ya ishe ka ɓuya."

"Na sake ki! Saki uku, babu kome."

"Karo na tara ke nan a watan nan. Ka sake ni wa zai kwashe ka, gwiwa na ƙara kamar ƙofar shago? Kaka, wallahi raina a ɓace yake. Ɗauke min dutsen nan, ina da wanda zan kora daga aiki."

"Ke? Ke da ba ki iya aiken bulo ba, har kin samu wanda za ki kora? Da a hannuna kika yi lebura, ko bokitin ruwa ba zan ba ki ba."

Ran Injiniya ya ƙara ɓaci. Ta fizgi aljihun tebur, ta zaro takardar da ya ba ta jiya, ta shimfiɗa a kan bulon.

"Karanta! Rubutunka ne, kamar kaza ta taka tawada. 'Bulo ɗari biyu.' Ina incin?"

"Sai na rubuta? Shekara arba'in da inci tara nake gini! Kowa ya sani!"

"Wane kowa? Waɗanda suka sani duk sun riga ka gaba. Mai bulo ba boka ba ne. In ba a faɗa masa girma ba, wanda ya saba lodawa shi zai loda, ya..."

Sai ta juya ta ƙura wa allon kwamfutar ido.

"Ya me? Ƙarasa mana, sarkin baki."

Ba ta ko ji shi ba. Su ma a wurin aikinsu bulo suke kiran 'yan gutsattsarin da ake yanka faifai, kuma kowane faifai da girman nasa. Ta buɗe manhajar gwajin. Ga shi nan a layi na sha biyu: in ba a faɗa mata girman bulo ba, sai ta ɗauka girmansa dubu huɗu da casa'in da shida ne a awon kwamfuta. Ta duba faifan Dogo. Dubu ɗaya da ashirin da huɗu, daidai yadda masu aikin suka nema. Ita ce ta tayar da gwajin ba ta faɗi girma ba. Manhajar kuwa ita ta rubuta ta da hannunta bara.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

"Me ya mutu?"

"Awon da na yi ne ba daidai ba. Ginin mutumin lafiyarsa ƙalau."

Tsoho ya leƙa allon, duk da ba ya gane komai a ciki, ya dafa ƙugu.

"Wato magini ya yi gininsa, ke kika zo da karyayyen ma'auni, za ki raba shi da abincin 'ya'yansa? Kai! Ni a zamanina da na yi haka, da cebur za a raka ni gida."

"Ai kai ka gadar min. 'Kowa ya sani, kowa ya sani.'"

"Ni na gadar miki kyau, kika ƙi karɓa. Gyara, ina kallo."

Ta goge lambar, ta sa manhajar ta riƙa tambayar faifai girman bulonsa tukuna kafin ta fara awo. Ta sake tayar da gwajin. Layuka suka fara gangarowa kore, ɗaya bayan ɗaya, har arba'in.

Ta koma kan saƙon oga. Ta karanta shi sau ɗaya, kunya ta rufe ta, ta goge shi tas.

"To?" in ji tsoho. "Wa ya ceci aikin bawan Allah?"

"Shirmenka."

"Shirmen wa?"

"Naka, ango. Na yarda, yau ka ci." Dariyar da take dannewa ta ƙwace mata. Ta zaro sabon biro daga gwangwani ta miƙa masa. "Ga tukwici. Ka riƙa rubuta inci."

Ya juya biron, ya soke shi a bayan kunne.

"Na mayar da ke. Amma ɗari biyun nan, ke za ki loda su a mota a mayar wa mai bulo."