Yadda Za Ki Hana Sunan Mijinki Hawa Kan Igwa

'Yar'uwa, in mijinki yana aiki a gidan zubin igwa da ke bakin tashar jiragen ruwan Habana, kuma kina da goyo, darasin nan naki ne. Ki bi matakan yadda suke, na yi miki alkawari mijinki zai tsufa ba wanda ya san da shi. Ursula matar Melchor ta gwada, ga mijinta can da yatsunsa goma cif.

1. Ki san dokar gidan

Wanda aka zana sunansa a jikin igwa, shi ke sa mata wuta ranar gwaji, da albarushi ninki biyu. In ta yi ƙara lafiya, gwamna ya ba shi hannu. In ta fashe, a kawo wa matarsa hularsa. Maza suna kiran wannan daraja.

2. Ki kai abinci da kanki, ki sa wa alfadari ido

Kada ki tambayi maza ko igwa ta yi kyau, kowa rantsuwa zai yi. In an zuba tagulla ta huce, rataye igwar ake yi baki ƙasa, a cusa mata sandar ƙarfe mai haƙora, alfadari yana zagaye yana juya sandar tana kankare cikin. In ramin ya miƙe, tafiyar alfadarin sumul. Ursula na zaune tana shayar da 'yarta Marcela ta ga dabbar tana tirjewa a wuri ɗaya, kowane zagaye. Ramin ya karkace ke nan: gefe ɗaya kauri, ɗayan ɓawon ƙwai. Alfadari ba ya neman girma, shi ya sa ba ya ƙarya.

3. Kada ki gaya wa mijinki gaskiya

Ursula ta yi wannan kuskuren, ke kada ki yi.

"Baban Marcela, igwar nan fa ba ta da lafiya."

"In ji wa?"

"Alfadari."

"To sai a naɗa shi sarkin maƙera. Shekara tara ina hura tanderu, sai yau da maigida Don Gaspar ya ce sunana zai hau, za ki zo mini da shaidar ɗan jaki?"

Mutumin da bai taɓa yi wa kowa kyautar ƙusa ba, yau shi ke kyautar suna? Nan Ursula ta gane Don Gaspar ma yana kallon alfadarin.

4. Ki yabi maigida a gaban manya

Ursula ta jira ranar da wakilin gwamna ya zo duba aiki, ta russuna da 'yarta a hannu.

"Ranka ya daɗe, ashe igwar da za ta kori 'yan fashin teku sunan mai hura wuta za ta ɗauka? A kasuwar kifi har cewa suke maigida tsoron aikinsa yake yi. Ni dai na ce musu sharri ne."

Wakilin ya juya a hankali. "Tsoro, Don Gaspar?"

Kafin rana ta take, an fara zana sunan maigida.

5. Ki daure

Kwana huɗu Melchor bai taɓa gurasar rogonta ba, wai ta yi masa baƙin ciki. Ki bar shi ya kumbura. Miji mai fushi yana iya ɗaukar 'ya, hula ba ta iyawa.

6. Ranar gwaji ki tsaya nesa

Kada tausayin maigida ya dame ki. Ranar ce aka gano dokar ba ta faɗi tsawon lagwanin kunna igwa ba. Don Gaspar ya zo da mai tsawon gaba goma, ya kunna daga bayan katanga. Igwar ta tsage kamar kabewa, wani gutsure ya yi gaba da rufin rumfar alfadari. Ursula ta toshe wa Marcela kunne. Melchor ya daɗe yana kallon ramin da ya buɗe daidai inda da zai tsaya, sannan ya juyo.

"Da sunana ne a kai, da ba ta fashe ba."

"Haka ne, Baban Marcela. Karɓi 'yarka, hannuna ya gaji."

Ya karɓe ta, da hannu biyu.

A kula: miji mai rai na yi alkawari, ban ce mai godiya ba. In kuma aka narkar da gutsattsarin, maigida ya ce sabuwar za ta ɗauki sunan mijinki don a share masa hawaye, babu ruwana. Ursula ma gobe da kanta za ta kai abinci.